Korar koci da ɗauko sabo ana tsakiyar kaka: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda wani kulob ya sallami kocinsa gasa na tsaka da tafiya musu iri ɗaya ne ke tashi tsakanin masu kallon ƙwallo, wasu su ce ai an ma makara, wasu su ce zalunci ne, wasu kuma su ce ya kamata a kafa doka kowa ya huta. Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa na amsa su iya fahimtata. Ra'ayina tun daga farko shi ne kada a hana kulob korar kocinsa, amma a hana shi zuwa ya ɗauke kocin da ke kan aiki a wani kulob ɗin ana tsakiyar kaka, kuma a hana shi rajistar sabo sai ya biya na baya haƙƙinsa.

Wai yanzu akwai dokar da ta hana kulob canza koci a tsakiyar kaka?

A gasar Firimiya ta Ingila dai babu. Kulob zai iya korar koci ranar Lahadi da daddare ya gabatar da sabo ranar Talata, zai iya maimaita hakan sau uku ko huɗu a kaka ɗaya in yana da kuɗin biyan diyya. Abin da ake dubawa kawai shi ne sabon kocin na da takardar shaidar horarwa mafi girma ta hukumar UEFA, sai kuma maganar kwantiragi tsakanin ɓangarorin. In kocin na aiki a wani wuri to ana neman izinin kulob ɗinsa kafin a yi magana da shi, amma da yawa daga cikin masu horarwa na yanzu akwai farashin sakinsu rubuce a kwantiragi, da zarar an ajiye kuɗin kulob ɗinsa ba shi da ta cewa.

To me ya sa 'yan wasa ke da lokacin saye da sayarwa amma koci ba shi da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfi a wajena. Ɗan wasa sau biyu ake buɗe masa kasuwa a shekara, da bazara kafin a fara kaka da kuma watan Janairu, kuma dokar FIFA ta ce a kaka ɗaya zai iya rajista da kulob uku amma biyu kacal zai buga wa wasan gasa. Dalilin dokar shi ne kada mai kuɗi ya riƙa sayen nasara duk sati, kada kulob ya ga ana saura wasa biyar ya je ya ɗauke ɗan gaban abokin hamayyarsa. To idan an yarda da wannan hujjar a kan mai tsaron baya na hagu da ke zaman benci, ta yaya za a ce ba ta shafi mutumin da ke tsara atisaye, yake zaɓen sha ɗayan farko, yake faɗin wanda za a saya da wanda za a sayar ba? Amsar da masu adawa ke bayarwa ita ce koci ma'aikaci ne irin kowane manaja a kamfani, ba shi ke shiga fili ba, dokar ƙwadago ce ta kamata ta yi aiki a kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai ɗan wasa ma ma'aikaci ne kuma an taƙaita masa zirga-zirga saboda adalcin gasa.

An taɓa gwada irin wannan dokar a wani wuri?

Ƙwarai kuwa, kuma Brazil ce misalin da ya fi dacewa don a can korar koci ta zama ruwan dare. A 2021 aka kafa doka a babbar gasarsu cewa kulob sau ɗaya kawai zai iya korar koci a kaka, in ya sake kora to ba shi da damar ɗauko wani daga waje sai dai ya ɗora wani ma'aikacinsa da ya yi aƙalla wata shida a kulob ɗin. Shi ma koci sau ɗaya aka yarda ya ajiye aiki ya koma wani kulob a gasar. A takarda dokar ta yi kyau sosai. Amma an bar wata ƙofa a buɗe, in an ce rabuwar da yardar juna aka yi to ba a ƙirga ta a matsayin kora, shi ke nan sai kowace sallama ta koma yardar juna, shugaban kulob ya kira koci ofis a daidaita kan kuɗi a fitar da sanarwa cewa sun rabu lafiya, shi kocin ma ba zai ƙi ba tunda hakan na ba shi damar kama aiki a wani wuri. Kaka ɗaya dokar ta yi, a 2022 aka soke ta.

A Italiya kuma salonsu daban ne. Shekara da shekaru in an sauke koci ba ya iya horar da wani kulob na ƙasar a wannan kakar, yana gida ana biyansa albashi har kwantiragi ya ƙare, kuma kulob ɗin na iya kiransa ya dawo kowane lokaci. Sai a 'yan shekarun nan aka sassauta. Wannan bai rage kora ba ko kaɗan, marigayi Maurizio Zamparini mai Palermo ya yi suna wajen cinye masu horarwa, a 2011 ya kori Delio Rossi bayan Udinese ta zura musu 7-0, ya ɗauko Serse Cosmi, bayan 'yan makonni ya kori Cosmi ya dawo da Rossi. Sifaniya ma ta daɗe da irin wannan dokar ta hana koci riƙe kulob biyu a kaka guda, ita ce ta hana Marcelino karɓar Valencia a 2016 bayan rabuwarsa da Villarreal daf da fara gasa, sai a kakar gaba ya samu zuwa.

Abin lura a nan, dokar Italiya da ta Sifaniya kocin da aka kora suka ɗaure wa ƙafa, mai korar kuma ya ci gaba da sha'aninsa. Ni kam ban ga adalci a nan ba.

Tsakani da Allah, canza koci yana gyara ƙungiya ko kuwa ruɗi ne?

Wani lokaci yana gyarawa, amma ba yadda muke zato ba. Yaushe ake korar koci? Sai an jera rashin nasara huɗu ko biyar, wato lokacin da ƙungiya ke mafi munin halinta, kuma sau da yawa a cikin wasannin nan akwai rashin sa'a, ƙwallo ta bugi turke, an ba da jan kati a minti na 20, manyan 'yan wasa uku suna jinya, jadawalin ya haɗa su da manyan kulob a jere. Waɗannan abubuwa dama ba sa ɗorewa, ko an canza koci ko ba a canza ba sakamako zai ɗan farfaɗo ya koma daidai ƙarfin ƙungiyar. Kamar mai mura ne da bai sha jiƙo ba sai ranar da ta fi tsananta, washegari ya ji sauƙi ya ce jiƙon ne, alhali dama murar ta kai ƙarshenta. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin wannan a gasar Holan sun kwatanta kulob ɗin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan halin amma suka yi haƙuri, sai suka ga farfaɗowar kusan iri ɗaya ce.

Dubi Manchester United a kakar 2018/19. An kori Mourinho a Disamba suna na 6, Solskjaer ya zo riƙon ƙwarya ya ci wasa takwas na farko a jere, ya je Paris ya fitar da PSG, duk duniya ta ɗauka an gano maganin, a ƙarshen Maris aka ba shi aikin dindindin. Daga ranar har ƙarshen kaka wasa biyu kacal ya ci cikin goma, har Cardiff da ta riga ta faɗi ta zo Old Trafford ta doke su. A ina suka ƙare? Na 6 ɗin dai.

Amma kada a ce min sam babu tasiri. Sabon koci na zuwa da abubuwa na zahiri, ɗan wasan da aka jingine ya samu sabuwar dama, wanda ya saba ganin sunansa a sha ɗayan farko ko bai yi ƙoƙari ba ya farka, 'yan kallo su daina ihu a kan ƙungiyarsu. Matsalar ita ce wannan zafin na 'yan makonni ne, bayansa ingancin 'yan wasa da tsarin kulob ne ke magana.

To Di Matteo fa? Tuchel fa? Zidane fa? Ai duk a tsakiyar kaka suka zo

Haka ne, kuma saboda su ne ba na goyon bayan hana kora gaba ɗaya. Chelsea ta kori Villas-Boas a Maris 2012, mataimakinsa Di Matteo ya karɓa ya ɗauko Kofin Zakarun Turai a Munich haɗe da kofin FA. A Janairun 2021 ta kori Lampard, Tuchel ya zo, a Mayu ya doke Manchester City 1-0 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Porto. Real Madrid ta sauke Benitez a Janairun 2016 ta ɗora Zidane ya ci kofin sau uku a jere. Bayern ta rabu da Kovac a Nuwamban 2019, Hansi Flick ya karɓa ya kwashe kofi uku a kakar har da 8-2 ɗin nan da aka yi wa Barcelona. Xabi Alonso ya samu Leverkusen a Oktoban 2022 tana ta biyun ƙarshe a teburi, kakar da ta biyo baya ya ɗauki Bundesliga ba a doke shi ko sau ɗaya ba, Victor Boniface na cikin waɗanda suka yi aikin. Klopp ma a Oktoban 2015 ya zo Liverpool.

Yanzu ku sake duba sunayen nan da kyau. Di Matteo da Flick mataimaka ne a cikin gida. Zidane yana horar da ƙungiyar Madrid ta biyu ne. Tuchel ba shi da aiki lokacin don PSG ta sallame shi a Disamba, Klopp yana hutu bayan barin Dortmund, Alonso ya riga ya bar aikinsa a Real Sociedad. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka je aka fizgo daga wani kulob da ke tsakiyar gasarsa. Wato dokar da nake magana a kai ba za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan labaran faruwa ba.

Wace kaka ce ta fi nuna munin abin?

Kakar 2022/23 a Firimiya, wadda ta kafa tarihin yawan canjin masu horarwa. Ƙungiyoyi ukun da suka faɗi duk sun canza, biyu daga ciki har sau biyu. Southampton ta kori Hasenhuttl a Nuwamba ta je Luton ta ɗauko Nathan Jones, ya buga wasan lig 8 ya sha kashi a 7, aka kore shi a Fabrairu, Ruben Selles ya ƙarasa da su a ƙarshen teburi. Leeds ta kori Jesse Marsch ta kawo Javi Gracia, ana saura wasa huɗu ta kore shi ta kira Sam Allardyce, maki ɗaya ya samo. Leicester ta rabu da Brendan Rodgers a Afrilu, Dean Smith bai iya ceto ba. A ɗaya gefen kuma Everton ta tsira da Sean Dyche a ranar ƙarshe, Crystal Palace ta dawo da Roy Hodgson ta samu natsuwa, Aston Villa ta kori Gerrard ta ɗauko Unai Emery ya kai su na 7. Kowane ɓangare na musun zai samu hujja a wannan kakar, shi ya sa ba na yarda da mai cewa amsar a fili take.

Wa ke cutuwa in babban kulob ya ɗauke kocin ƙaramin kulob?

Nan ne inda abin ya fi yi min ciwo. A farkon Satumban 2022 Brighton tana ta 4 a teburi, ta gama lallasa Leicester 5-2, magoya bayanta na ganin wannan ce kakarsu. Chelsea ta je Zagreb aka ci ta 1-0, washegari ta kori Tuchel, kwana ɗaya bayan nan ta sanar da Graham Potter. Kuma ba shi kaɗai ya tafi ba, ya kwashi mataimakansa, mai horar da masu tsaron gida, da mai nemo masa 'yan wasa. Ka yi tunanin ɗan wasan Brighton da ya zo filin atisaye da safe ya tarar duk fuskokin da ya saba gani shekara uku babu su, ofisoshi a buɗe ba kowa, kasuwar 'yan wasa kuma an rufe ta sati ɗaya da ya wuce, duk wanda aka saya don tsarin Potter aka saye shi. Laifin me Brighton ta yi? Laifinta kawai ta iya aiki.

Za a ce ai an biya su sama da fam miliyan 20, kuma sun ɗauko De Zerbi sun ƙare na 6 sun shiga gasar Turai karon farko a tarihinsu, Chelsea kuma ta kori Potter a Afrilu ta ƙare ta 12. Gaskiya ne. Luton ma da aka ɗauke wa Nathan Jones ta samu Rob Edwards ta hau Firimiya a kakar. Amma waɗannan kulob ne masu tsari da suka riga suka yi tanadi, kuma sa'a ta taimaka, ba za a gina doka a kan cewa wanda aka zalunta wataƙila ya ci riba ba.

Kuma abin ba ya tsayawa a kulob ɗaya. Nuwamban 2024 Manchester United ta ɗauke Ruben Amorim daga Sporting ta Fotugal lokacin tana jan ragamar gasarsu ba ta yi asarar maki ko ɗaya ba, kwanaki kaɗan bayan ta doke Manchester City 4-1. Sporting ta ɗora Joao Pereira abubuwa suka rikice, kafin ƙarshen Disamba ta kore shi, ita ma ta juya ta ɗauke Rui Borges daga Vitoria Guimaraes. Matsalar da aka haifa a Manchester ta gangara har kan wani kulob a arewacin Fotugal da ba ruwansa. Sporting dai ta ɗauki kofin a ƙarshe, United ta ƙare ta 15.

Ai kuɗin mai kulob ne, ina ruwan wani da yadda zai kashe?

Da kuɗinsa ne shi kaɗai kuma shi kaɗai abin ke shafa da na yi shiru. United ta biya Mourinho da mutanensa kusan fam miliyan 20 a 2018. A 2024 ta tsawaita wa Ten Hag kwantiragi da bazara, ta saya masa 'yan wasa, a Oktoba ta kore shi ta biya kusan fam miliyan 10, ta sake biyan kwatankwacin haka don ɗauko Amorim, a shekarar da ta sallami ƙananan ma'aikata kusan 250 da sunan rage kashe kuɗi. Wanda ya yi kuskuren yanke shawara yana nan a kujerarsa, mai aikin ofis da mai ɗaukar kaya ne suka tafi gida. Sannan gasa ba ta mutum ɗaya ba ce, kulob 20 ne suka yarda su yi wasa a kan ƙa'ida ɗaya, tuni ma aka taɓa kafa dokokin da suka iyakance asarar da kulob zai yi har aka cire wa Everton da Nottingham Forest maki a kan haka a kakar 2023/24. Don haka maganar kuɗina ne ba ta da wurin zama.

'Yan wasa fa, abin na shafar su?

Sosai ma. Aubameyang ya bar Barcelona a ranar ƙarshe ta kasuwa a 2022 ya zo Chelsea saboda Tuchel da suka yi aiki tare a Dortmund, wasa ɗaya ya buga a ƙarƙashinsa aka kori mutumin, zuwa Fabrairu ko a jerin 'yan wasan Kofin Zakarun Turai ba a sa sunansa ba. Namu Ahmed Musa ya je Leicester a 2016 a hannun Ranieri, ko a lokacin ba kullum yake farawa ba, amma bayan an kori Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara kacal da ɗaukar kofin Firimiya, sai damar ta ƙara ƙanƙancewa, Shakespeare ya zo ya tafi, Puel ya zo, a Janairun 2018 ya koma CSKA Moscow aro. Emmanuel Dennis da Troost-Ekong sun ga masu horarwa uku a Watford a kakar 2021/22, Xisco da Ranieri da Hodgson, ƙungiyar ta faɗi. Osimhen ya ga uku a Napoli a 2023/24, Garcia da Mazzarri da Calzona, masu riƙe da kofi suka ƙare na 10. Ɗan wasa an ɗaure shi da kwantiragi da lokacin kasuwa ba zai iya bin kocin da ya kawo shi ba sai Janairu ko bazara.

Tawagar ƙasa ma dokar za ta shafa?

A'a, wannan wani fage ne daban, amma tunda kullum sai an kawo misalin bari in taɓa. Kwaddibuwa ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar Kofin Afirka a Janairun 2024 bayan Equatorial Guinea ta ci su 4-0 a gida, suka nemi aron Herve Renard daga Faransa aka hana su, Emerse Fae da ke mataimaki ya karɓa ya fitar da Senegal da Mali da Kongo, ya zo wasan ƙarshe ya doke Najeriya 2-1 a Abidjan. Duk wanda ya kalli wasan nan a gidan kallo ya san yadda wuri ya yi tsit bayan ƙwallon Haller, benci cike da mutane ba mai magana sai ƙarar janareta, wasu tun kafin a tashi suka fara zamewa. Mu kuma an kori Gernot Rohr a Disamban 2021 saura makonni a fara gasar Kamaru, Eguavoen ya ci wasa uku na rukuni a Garwa kowa na murna, Tunisiya ta fitar da mu 1-0, a Maris Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya, daga baya kuma FIFA ta umarci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya NFF ta biya Rohr kuɗinsa. Mataki iri ɗaya, sakamako biyu mabambanta. Nan ma a lura, wanda ya ci wa Kwaddibuwa kofi ɗan cikin gida ne.

A gasar Najeriya irin wannan dokar za ta yi amfani?

Ina ganin ta fi amfani a nan ma fiye da Ingila, musamman ɓangaren biyan haƙƙi. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi, Wikki, Niger Tornadoes, Plateau United duk haka suke, shugabannin gudanarwa naɗin gwamnati ne, in sakamako ya lalace kuma matsin lamba ya taso daga sama abu mafi sauƙi shi ne a ba koci wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya kama gabansa. A gasar da cin wasa a waje ke da matuƙar wahala, ga tafiyar mota ta kwana da yini, in biyu daga cikin wasa ukun nan a waje ne to kusan an riga an yanke masa hukunci. Koci a Ingila in an kore shi da miliyoyi yake tafiya, namu sau da yawa dakatarwa ake cewa an yi masa, ba a kore shi a takarda ba ballantana a biya shi, ya yi ta zarya yana bin bashin albashi. Remo Stars mai zaman kanta ta bar Daniel Ogunmodede ya yi shekaru yana gini, ta zo ta biyu ba ta kore shi ba, a kakar 2024/25 ta ɗauki kofin.

In koci ya kwanta rashin lafiya ko ya ajiye aiki da kansa fa?

Kulob ya ɗora mataimaki ko ya ɗauko wanda ba shi da aiki, wannan ƙofar a buɗe take ko yaushe. Masu horarwa da ke zaune a gida suna jiran kira ba su taɓa ƙaranci ba.

Ba tauye wa koci haƙƙinsa ba ne a hana shi karɓar babban aiki in ya samu?

Akwai tauyewa kaɗan, ba zan musa ba. Irin wannan damar wani sau ɗaya take zuwa masa a rayuwa, Amorim da kansa ya faɗa cewa ya so a bari sai ƙarshen kaka aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Amma ai wannan maganar tasa hujja ce a gare ni, da akwai doka da United ba ta isa ta tsare shi da wannan sharaɗin ba, da dole ta jira ko ta sa hannu da shi a kan zai zo daga baya. Bayern ta sanar da Guardiola tun Janairun 2013 ya fara aiki da bazara, City ma ta sanar da shi a Fabrairun 2016 yana Bayern ya ƙarasa kakarsa. Ana iya yi. Za a kawo min Ferguson da ya bar Aberdeen a Nuwamban 1986 da Emery da ya bar Villarreal a 2022, eh dokar za ta jinkirta irin waɗannan zuwa Janairu ko bazara, wannan farashi ne da na yarda a biya.

To a taƙaice wace doka kake so a kafa?

Koci mai kwantiragi da wani kulob ba zai koma wani ba sai a lokacin da kasuwar 'yan wasa ke buɗe. Kulob na iya korar kocinsa duk ranar da ya ga dama, amma hukumar gasa ba za ta yi wa sabon rajista ba sai an nuna shaidar an biya tsohon ko an ajiye kuɗinsa a hannun hukuma, kuma kuɗin diyyar a ƙirga shi cikin lissafin kashe kuɗin kulob na wannan kakar ba tare da wani rangwame ba. Wanda aka kora kuma a sake shi ya nemi aiki nan take a duk inda ya samu, kada a maimaita abin da aka yi wa Marcelino. Ƙayyade adadin kora irin na Brazil ban goyi baya ba, don kulob ɗin da ke neman faɗawa a watan Maris kuma 'yan wasa sun daina sauraron koci, tilasta musu zama tare ba zai amfani kowa ba har shi kocin.

Ba za su kewaye dokar ba yadda aka yi a Brazil?

Za su gwada. Hanya ta farko ita ce koci ya ajiye aiki yau ya ce ya gaji, bayan sati biyu a gan shi a sabon kulob, don haka dole a rubuta cewa wanda ya ajiye da kansa ko aka rabu da yardar juna sai ya jira kasuwa ta gaba, wanda aka kora a hukumance aka biya ne kawai ke da 'yancin kama aiki nan take. Hanya ta biyu ita ce a ɗauke shi da sunan mai ba da shawara ko daraktan wasanni yana ba da umarni ta waya daga saman fili, wannan kuma hukuncinsa cire maki ne, don tara ba ta damun masu kuɗi. Babbar matsalar ita ce ƙasa ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba, in Ingila ta kafa Fotugal ba ta kafa ba ko Turai ta kafa Saudiyya ba ta kafa ba to an bar ƙofa, sai FIFA ta sa hannu yadda ta yi a kan 'yan wasa, kuma tun 2021 ta riga ta shigar da masu horarwa cikin dokokinta na kwantiragi don haka wurin ɗora wannan yana nan. A Firimiya kuma sai kulob 14 cikin 20 sun amince kafin a canza ƙa'ida, ƙananan kulob da ake ɗauke wa masu horarwa sun fi manyan yawa, sai dai su ma in ta matse su ƙungiyoyin ƙasa da su suke zuwa su ɗauke wa, yadda Southampton ta yi wa Luton, shi ya sa samun ƙuri'u 14 ɗin zai yi wuya.